Yadda na bi sawun zafin wata Corolla har na gano shi, ba tare da an buɗe tof ba

Motar Corolla ce samfurin 2006, mai injin 1ZZ-FE da giya atomatik, irin waɗanda suka cika titunan Kaduna. Mai ita ya zo da hukuncinsa a aljihu. An gaya masa a wani gareji cewa tof gaskit, shimfiɗar da ke tsakanin tof (kan inji) da bulok (jikin inji), ya ƙone, don haka kuɗin aiki kawai yake so in yanke masa. Ban ɗauki sifana ba sai da na zaunar da shi muka yi magana, domin lokacin da mota ke ɗaukar zafi shi ke nuna inda za a fara dubawa, kuma direba ne kaɗai ya san wannan.

"Alhaji, a ina take yin zafin, cikin gari ko a kan hanya?"

Ya ce cikin gari lafiya lau, ko da ya maƙale a cunkoson babbar kasuwa allurar zafi ba ta motsi. Amma da zarar ya hau hanyar Zariya, gudu ya haura kilomita 100 kuma AC na kunne, kafin ya kai Jaji allura ta bar tsakiya ta kama hawa. In ya kashe AC ya sassauta ƙafa sai ta sauko. Na tambaye shi batun ruwa, ya ce kullum da safe sai ya ƙara leda ɗaya ta fiya wata, wata rana biyu.

Motar da ke zafi a gosulo ko a tsaye, ta huce in ta samu hanya, iska ce ba ta ishe ta ba, kuma fanka ake tuhuma. Wadda ke zafi a guje, lokacin da iska ke dukan lagireto fiye da yadda kowace fanka za ta iya, matsalarta a tafiyar ruwa take: ko lagireto ya toshe, ko watafam, famfon da ke zagaya da ruwa, ya gaza, ko tamostat, bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa lagireto in inji ya yi zafi, ba ya buɗewa sosai, ko tiyon ƙasa yana shanyewa ya manne in an taka totur sosai. Wadda kuwa ke tafasa cikin 'yan mintuna daga tashi, ko babu ruwa, ko tamostat ya kafe a rufe, ko gaskit ya tafi da gaske. Bayanin Alhaji ya faɗa a rukuni na biyu, sannan ga zubar ruwa a gefe.

Na bar motar ta huce sarai kafin in taɓa marfin lagireto. Wannan ba tsoro ba ne, lissafi ne. Kaduna tana kan tudu na kusan mita 600 daga matakin teku, don haka ruwa a buɗaɗɗen mazubi yana tafasa a wajen digiri 98. Abin da ke hana ruwan inji tafasa shi ne matsin da marfi ke riƙewa. Marfi mai lamba 0.9, wato yawan matsin da yake riƙewa, yana kai tafasar tsurar ruwa wajen digiri 117, in kuma kulant ne na gaske, wato ruwan lagireto mai sinadari, sai ta ƙara haurawa. Wanda ya murɗe marfi da zafi ya saki wannan matsin a lokaci guda, ruwan da ya wuce digiri 100 zai koma tururi nan take ya yi tsalle zuwa fuskarsa.

Da na buɗe, ruwan ya yi ƙasa har bakin bututun ciki sun fito fili, launinsa kuma ja-ja ne na tsatsa, babu ko alamar kulant. Abin da ya fi jan hankalina shi ne robar ajiya da ke gefe, wadda ta cika har wuya alhali lagireton yana jin ƙishi. Yadda abin yake, in ruwa ya yi zafi ya kumbura, marfi kan buɗe ya tura rarar zuwa robar, in inji ya huce kuma wani ƙaramin bawul da ke tsakiyar marfin ya buɗe ruwan ya dawo. In roba ta cika lagireto ya rame, ruwa na fita ba ya komowa. Ko marfin ya mutu, ko akwai wata kafa da iska ke shiga maimakon a tsotso ruwan, ko kuma hayaƙin inji ne ke tunkuɗo shi. Na ja sandar baƙin mai, na kuma duba cikin marfin zuba mai, babu farin kumfa, man baƙi ne yadda ya kamata. Man giya ma ja ne, bai gauraya ba. Ana duba shi ne domin a motar atomatik man giya yana bi ta cikin tankin lagireto na ƙasa don ya huce, in bututun ya fashe ruwa da mai su haɗu. Tsabtar baƙin mai dai ba ta wanke gaskit daga zargi. Gaskit na iya ƙonewa tsakanin silinda da hanyar ruwa bai taɓa hanyar mai ba, kuma irin wannan ya fi yawa.

Ina murɗa makulli, tun inji bai tashi ba, fanka ta kama. An yi mata dairek ke nan. Na bi wayar na same ta an jawo ta daga bayan makulli, an tsallake rile, wanda ke kunna ta ya kashe ta gwargwadon zafin inji, an naɗe da baƙin tef. Wannan ya sa na rage wa maganar "cikin gari lafiya lau" nauyi, domin fankar da ke juyawa ba hutu tana iya rufe asirin lagireton da ya fara mutuwa muddin ba a matsa wa inji ba. Na manna takarda a gaban kondensa, ragar AC da ke gaban lagireto, don in ga inda iskar ta nufa, takardar ta lafe, wato fanka tana tsotsowa zuwa inji yadda ya dace. Ba gwajin banza ba ne. In mai rewaya ya juya wayoyi biyun, fanka za ta juya da ƙara kamar komai daidai, amma tana tura iska gaba tana faɗa da iskar hanya.

Na cika lagireto da ruwa na tashi injin da sanyinsa, marfi a buɗe. Tun daga minti na farko ruwa ke gudana a wuyan lagireto, tiyon sama kuma yana ɗumi sannu a hankali tare da injin. A motar da ke da tamostat ruwan wuyan kan tsaya cik har sai inji ya kai zafinsa. Na jona na'urar gwaji a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ta fito da P0128, lambar da ke nufin inji ba ya kai zafin da ya kamata a kan lokaci. An cire tamostat.

Wannan ɗabi'a ta cire tamostat ta yi katutu a garejinmu, har wasu na cire shi ranar da motar Kwatano ta shigo, da hujjar wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Ba haka ba ne. An ƙera inji ne ya yi aiki a tsakanin digiri 85 zuwa kusan 100, a Kaduna yake ko a Jamus. A wannan zafin ne fistin da ringi ke cika gurbinsu, baƙin mai ya tsinke daidai, danshin da ya taru a cikinsa ya ƙone. In babu tamostat, da safiyar hunturu inji kan daɗe bai kai 70 ba, birenbos, wato kwamfutar mota, kuma yana ɗauka har yanzu tashin sanyi ake, sai ya yi ta ƙara fetur. Mai mota ya yi ta kukan shan mai, filogi na baƙi, baƙin mai na tsinkewa da fetur. Akwai abin da ya fi wannan. A injina da yawa tamostat yana da faifai na biyu a gindinsa, wanda ke toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji lokacin sanyi. In an cire shi hanyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa komawa inji bai ga lagireto ba. Ga shi an cire don maganin zafi, a kan babbar hanya kuma ya zama yana ƙara shi. Kuma duk wanda ya cire tamostat ko ya yi wa fanka dairek, akwai ciwon da ya sa ya yi hakan, kuma ciwon yana nan. Shi nake nema.

Kafin in ci gaba sai da na tabbatar zafin na gaske ne, ba ƙaryar sensa ba. Da sanyin safiya zafin ruwa da zafin iskar shiga da na'ura ke nunawa su zo kusan ɗaya, a nan kuma sun zo. Wanda ba shi da na'ura zai iya cire soket ɗin sensar ya auna da mita: a Toyota irin wannan, wajen ohm 2,400 a digiri 20, wajen 320 a digiri 80. Allurar dashbod ba abin dogaro ba ce a bincike, domin an yi ta ne ta zauna a tsakiya daga wajen 80 har a haura 100. Ranar da ka ga ta motsa, zafin ya riga ya yi nisa.

Daga nan sai famfon gwajin matsi. Na fara da marfin kansa. An rubuta 0.9 a kansa, amma allurar famfon na kaiwa 0.4 ya saki iska, robarsa ta bushe ta tsage, sifirin ɗin ya ci tsatsa. Da irin wannan marfin tsurar ruwa zai tafasa tun bai kai digiri 110 ba, kuma a kusa da bawul ɗin hayaƙi, inda tof ya fi zafi, ruwan kan wuce haka ko da sensa tana nuna ƙasa. Kumfar tururi ta taru a nan, ƙarfen ya rasa ruwan da zai taɓa shi, ruwa ya yi ta tserewa zuwa roba. Marfi shi ne abu mafi arha a duk tsarin, kuma shi aka fi mantawa.

Na ɗaura famfon a wuyan lagireto na buga zuwa 0.9, ban wuce ba, domin tsohon lagireto da hita ba sa son a zarce abin da aka rubuta. Cikin minti goma allura ta sauko zuwa 0.6. Na bi da tocila: tiyon sama da na ƙasa da kilif ɗinsu, tiyo biyu na hita da ke shiga bangon bayan inji, ƙananan tiyo da ke zuwa maƙogwaron iska, gindin watafam inda 'yar kafar nan take da ke ɗiga in sil ya mutu, sai kafet ɗin gefen fasinja ko hita na yoyo a ciki. Duk a bushe. Sai a saman lagireto, inda haƙoran alminiyam suka danne tankin roba, na ga wani siririn layin danshi mai tsawon ɗan yatsa, da busasshen tabo fari a ƙarƙashinsa. Tankin da asalinsa baƙi ne ya koma ruwan ƙasa, alamar robar ta dahu. Irin wannan yoyon ba ya ɗiga ƙasa. Yana fita ne in inji ya yi zafi, iska ta busar da shi, mai mota ya duba ƙarƙashi da safe bai ga komai ba, sai a ce masa inji ne ke shan ruwan. Ledar Alhaji ta kullum ta nan take bi, ita da marfin.

Samun yoyo bai sa na sallami gaskit ba, domin motar ta sha zafi ba sau ɗaya ba, kuma tof ɗin alminiyam ba ya yafe zafi. Gwaji huɗu na yi masa. Na farko, na bar matsi a kan tsarin na kwance filogi huɗun na jera su. Dukkansu launi ɗaya, da ɗan baƙin hayaƙi na yawan fetur. Silindar da ruwa ke shiga filoginta kan fito fes kamar sabo, kan fistin ɗin ma ya wanku, domin tururi ya goge shi. Na haska ramukan, babu ɗigo. Na biyu, na ɗora mazurari a wuyan lagireto na cika shi rabi na tashi inji. Kumfa ta fito a farko, iskar da ta maƙale ce, sannan ta ɗauke. Ta gaskit ba ta ɗaukewa, tana zuwa a jere, in ka taka totur ta ƙaru. Na uku shi ne ruwan gwaji mai launin shuɗi. Ana rage ruwan lagireto kaɗan don kada ya taɓa shi, a ɗora kwalbar a wuya, a tsotso iskar da ke saman ruwan ta ratsa shuɗin na minti biyu. In akwai hayaƙin inji a ciki sai ya koma kore, daga nan rawaya. Ya tsaya a shuɗinsa. Don in tabbatar ruwan gwajin bai lalace ba na kai kwalbar bakin salansa, nan take ya juya.

Na huɗu kwamfireshan, wato auna ƙarfin matsin da ke cikin kowace silinda. Inji da ɗuminsa, filogi duka a waje, an cire fiyus ɗin EFI don kada fetur ya zuba, yaro ya take totur har ƙasa yana ba da sitata. Silinda ta ɗaya 178, ta biyu 175, ta uku 180, ta huɗu 176 a ma'aunin PSI. A wannan injin mafi ƙarancin da aka yarda da shi 145 ne, bambanci tsakanin silinda kuma kada ya wuce 15. Da gaskit ya ƙone tsakanin silinda biyu maƙwabta, da su biyun sun faɗi tare. Na ce wa Alhaji tof ɗinsa ba zai buɗu a hannuna ba. Ya tambaya ko ba gara a canza gaskit ɗin ba tunda an riga an shigo gareji, na ce gaskit ɗin kamfani da bai ƙone ba ya fi duk wanda za mu saya, kuma da an canza shi an mayar da wannan lagireton da wannan marfin, sabon ne zai ƙone. Gaskit ba kasafai yake fara ciwo ba, zafi ne ke kashe shi. Inda nake saurin zarginsa shi ne Camry mai injin 2AZ-FE, wadda ake kira Big Daddy, domin a injinan 2002 zuwa 2006 zaren kusoshin tof na baya kan zare daga bulok, tof ya ɗaga, ruwa ya riƙa tsattsafowa ta bayan inji. A can ma sabon gaskit shi kaɗai ba ya magani sai an gyara zaren.

Saura tambayar farko: me ya sa take zafi a guje? Na cire wayar dairek, na bar inji ya kai 90, na kashe, na kwance gidan fanka na ɗaga shi don in samu fuskar lagireto. Ruwa a wannan lagireton daga sama yake sauka ƙasa, don haka lafiyayye zai fi zafi a sama ya riƙa hucewa zuwa ƙasa, amma hagu da dama da tsakiya su zo ɗaya. Na bi shi da bindigar auna zafi a layi ɗaya. Gefen hagu 86, gefen dama 84, tsakiya 52. Tafin hannu ma zai gaya maka, in ka yi hattara da fanka. Bututun tsakiya, daidai inda fanka ta fi jan iska, ruwa ba ya bin su. A cikin gari ragowar bututun suna isa. A kan hanyar Zariya da rana tsaka a watan Afrilu, inji na aiki da ƙarfi, kondensar AC na zuba nata zafin a gaba, man giya na kawo nasa a ƙasa, ba za su isa ba.

Da muka zare lagireton sai ga abu na biyu, wanda ba a ganinsa daga waje. Tsakaninsa da kondensa an yi dabe: ƙurar hunturu da ta haɗu da danshin mai, busasshiyar ciyawa, gashin kaza, guntayen leda, sun rufe kusan rabin fuskar daga ƙasa. Masu wankin mota gaban kondensa kawai suke fesawa, wani lokaci ma ƙarfin ruwan ya kwantar da siraran fukafukan ya ƙara toshe iska. Ana wanke wannan ne daga baya zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfi. Na ɗaga haƙoran tankin sama don Alhaji ya gani da idonsa. Bakin bututun tsakiya sun cushe da farin ɓawo irin wanda ke kama gindin butar shayi, a kansa kuma wani abu mai danƙo launin toka, ragowar garin toshe yoyo da wani ya taɓa zubawa. Ɓawon daga ruwan ne. Ruwan rijiya, na burtsatse, har na leda, duk suna ɗauke da gishirin ƙasa, kuma duk ledar da aka ƙara ruwanta ya ƙone ya bar nasa kason a ciki. Yoyo ya jawo ƙarin ruwa, ƙarin ruwa ya jawo toshewa.

A zamanin Peugeot 504 lagireto na tagulla ne, mai gyara zai narke dalma ya cire tanki, ya zura ƙarfe a kowane bututu, ya mayar ya liƙe, ya ƙara shekaru. Na alminiyam da roba ba ya jure haka. Bututunsa sirara ne, haƙoran in an ɗaga an mayar ba sa dannewa kamar da, robar da ta dahu kuma ba ta jin gam. Canji ne maganinsa. A kasuwar Panteka akwai sabo akwai na Beljiyam. Wanda zai ɗauki na Beljiyam ya leƙa wuyansa da tocila ya ga bakin bututun, ya duba launin tanki, ya sa a toshe bakunan a hura masa iska a cikin ruwa a gabansa, ya kuma tabbatar na atomatik ne mai ƙananan bututu biyu a ƙasa. Masu kaya za su ce a sa dabul sel, wato mai layin bututu biyu. Ba ya cutarwa in ya zauna daidai gidan fanka ya rufe shi, amma motar ta yi shekaru da mai layi ɗaya ba ta yi zafi ba, don haka ba kauri ne ya gaza ba. Sabo muka ɗauka, da marfi da tamostat na asali.

Tunda ruwa ya riga ya sauka, na sassauta fanbel na kama fulin watafam na girgiza. Babu wasa, babu gurnani. A wannan injin fanbel ke juya shi, kusoshi shida ne, don haka na cire shi don in ga fukafukan, saboda tsurar ruwa kan cinye su har su zama ba sa tura komai alhali daga waje lafiya lau. Sun yi tsatsa amma suna nan da faɗinsu. Na mayar da sabuwar robar zobe. A wasu motocin ba a yi masa wannan leƙen cikin sauƙi. A Peugeot 406, wadda aka yi ta haɗawa a Kakuri, tayimin bel ne ke juya shi, don haka tare ake canza su. A wasu injinan Golf 4 kuma fukafukan na roba ne, sukan tsage su riƙa sulɓi a kan sandarsu in ruwa ya yi zafi, motar ta yi lafiya a tsaye ta tafasa a hanya.

Sauran abubuwan da ke sa zafi ba daga ruwa ba na bi su da sauri. Na ɗaga motar na juya ƙafafun, burki ba ya kamawa. Salansa na fitar da iska da ƙarfi, ba ta toshe ba. Giya ba ta sulɓi, lissafin fetur a na'ura bai nuna ƙarancin mai ba. Tiyon ƙasa yana da ƙwari, bai manne ba da aka taka totur.

Wankin ciki na yi shi kafin a ɗaura sabon lagireto, don kada dattin inji ya koma cikinsa. Na zura ruwa ta tiyon sama ya fita ta gidan tamostat har ya fito garau, na cire tiyon hita biyu na wanke ta ta baya, sannan na ɗauraye da tataccen ruwa. Ba a zuba omo ko soda, suna cin alminiyam da sil. Sabon tamostat sai da na gwada shi a tukunya da ma'aunin zafi, domin na jabu sun yi yawa. An buga 82 a jikinsa, ya fara buɗewa a 82 ɗin, a 95 kuma ya ɗaga kusan milimita 10, daidai ƙa'ida. Gidansa yana inda tiyon ƙasa ke shiga inji, a ƙarƙashin altaneta, wuri ne matsattse. Yana da wani ɗan ƙaramin ƙarfe mai lilo a gefen faifansa, wannan dole ya kalli sama, ta nan iska ke tserewa lokacin cika ruwa.

A akwatin fiyus na samu dalilin dairek ɗin: rilen fanka ya ƙone, ƙafarsa ɗaya ta yi baƙi. Maimakon a canza shi aka ja waya. Na sa sabo, na gyara soket ɗin, na auna wutar da fankar ke ja don in tabbatar ba ita ce ta ƙona shi ba.

Tsarin yana cin kusan lita 6.5. Kulant na Toyota mai ruwan hoda a haɗe yake zuwa, ba a ƙara masa ruwa. Ja mai kauri kuwa ana raba shi rabi da rabi da tataccen ruwa, irin na batir wanda ba a sa wa asid ba. Amfaninsa a nan ba hana daskarewa ba ne, hana tsatsa da ɓawo ne da ɗaga tafasa. Da yawan jarkokin da ake sayarwa a bakin titi ruwa ne da kala. Gwajinsa mai sauƙi ne in akwai wuta: a zuba kaɗan daga wanda aka riga aka haɗa a roba a sa a firiza ya kwana. Haɗin rabi da rabi na gaske ba ya daskarewa sai sanyi ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili, firizar gida kuwa ba ta kai nan. In ya zama ƙanƙara, an sayar maka da ruwa.

Cika ruwa yana da nasa aikin, kuma a nan ne gyara mai kyau kan lalace. Na ɗaga gaban motar kaɗan, na murɗa hita zuwa zafi, na ɗora mazurari, na zuba a hankali ina matsa tiyon sama da na ƙasa. Na tashi inji na riƙe shi a wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti. Da ya kai 83 ruwan mazurari ya faɗa ƙasa gaba ɗaya, tiyon ƙasa ya ɗau ɗumi, tamostat ya buɗe ke nan, na ƙara. Na jira har fanka ta tashi da kanta a wajen 96 ta kashe, ta sake tashi ta kashe, hita na busa iska mai zafi, kumfa ta ƙare, sannan na rufe marfi na sa ruwan roba a kan layin FULL. Iskar da aka bari a ciki tana taruwa a tof, allura ta riƙa hawa tana sauka, a koma zargin gaskit. Na cike man giyar da ya zuba wajen cire bututu, na kuma canza baƙin mai da filta, domin man da ya sha zafi da fetur ya gama aikinsa.

Gwajin hanya a yanayin da take yin ciwon aka yi shi: bayan azahar, AC a kunne, daga Kawo zuwa Maraban Jos da dawowa, na'ura a jone yaro na karanto mini. Zafin ya tsaya tsakanin 88 da 93. Muna dawowa, da zafinta, na bar ta a tsaye minti goma sha biyar, sannan bayan ta ɗan huce na maimaita gwajin shuɗin ruwan, domin akwai tsagar da ba ta buɗewa sai ƙarfe ya gasu. Bai canza ba. Washegari da safe ruwan roba ya sauka kaɗan ƙasa da layi, ragowar iska ce ta fita aka tsotsi ruwa a madadinta, lagireto kuma cike har wuya. Na cike robar na ja mata layi da maka.

Na ce wa Alhaji ya riƙa duba wannan layin da safe kafin ya tashi motar har mako guda, ba tare da ya buɗe marfin lagireto ba, in ya sauka fiye da faɗin yatsa ya dawo. In kuma wata rana allura ta hau a hanya, ya kashe AC, ya kunna hita har ƙarshe, ya sauka gefe ya kashe inji, kada ya kwara wa tof ruwan sanyi, kada kuma ya taɓa marfi sai tiyon sama ya yi laushi ya huce a hannu. Tiyon saman nan ma ya fara kumbura a bakin kilif, bai kai ga yoyo ba, na rubuta masa a canza shi a sabis mai zuwa tare da kilif ɗinsa.